Quaker White Oats na gwangwani: yaya yake a kukis marar ƙwai, marar madara, marar bota?

Gwangwanin Quaker White Oats ba baƙo ba ne a kantunan Kano, Kaduna ko Sakkwato. An fi sanin sa da kunu: a dama da ruwan zafi, a zuba madara da sukari, a bai wa yaro ko marar lafiya. Ba kowa ke kallon sa a matsayin kayan gashi ba. Amma ga mai son gasa kukis a gida ba tare da ƙwai ko madarar shanu ko bota ba, ko don jikin wani a gidan ba ya karɓar su, ko don ya zaɓi ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, wannan ots ɗin, wato hatsin da ke cikin gwangwanin, na daga cikin abin da ya fi sauƙin samu. Hukuncinmu a kansa shi ne yana yin aikin, har ma ya fi ots mai manyan falle riƙe kwaɓi idan babu ƙwai. Sharaɗin kawai a san irin shan ruwan da yake yi, a auna shi da sikeli, a kuma ba shi lokaci ya jiƙa. Wanda ya tsallake waɗannan ukun, abin da zai fitar daga obin busasshe ne mai marmashewa a hannu.

Sai an fahimci yadda ake sarrafa ots kafin a gane dalili. Ƙwayarsa ta fi alkama mai, kusan kashi 7 cikin 100, don haka bayan an cire ƙaiƙayi ana turara ta a busar da zafi, saboda kada man ya yi saurin lalacewa. Daga nan hanya ta rabu. Akwai wanda ake daddatsa ƙwayar da wuƙar ƙarfe a bar ta haka, ɓarzajje mai tauri. Akwai wanda ake murƙushe ƙwayar sukutum tsakanin manyan ƙarafa ta zama falle mai faɗi da kauri, shi ne wanda kamfanin ke sayarwa da sunan Old Fashioned, galibi a kwali mai siffar ganga. Sai wanda ake fara daddatsawa sannan a murƙushe ya yi siriri, wato mai saurin dahuwa. Kamfanin Quaker Oats, wanda aka kafa a Amurka a 1901 kuma PepsiCo ta saye shi a 2001, ya fito da wannan nau'i mai saurin dahuwa tun 1922, kuma irinsa ne ke cikin gwangwanin nan mai giram 500. Idan aka zuba shi a tafin hannu za a ga fallayen ƙanana ne, sirara, da ɗan gari-gari a jikinsu, musamman na ƙasan gwangwani. Wannan garin da wasu ke ɗauka aibi ne, a kwaɓin da babu ƙwai amfani yake yi.

Aikin ƙwai a kukis shi ne ya kawo ruwa, ya haɗa mai da ruwa, kuma idan zafi ya taɓa shi ya daskare ya riƙe komai wuri ɗaya. Idan aka cire shi dole wani abu ya karɓi aikin. Ots na ɗauke da wani sinadari mai suna beta-gulukan, shi ke sa kununsa kauri da santsi. Da ya sha ruwa sai ya zama danƙo. Siririn falle yana sakin wannan danƙon cikin mintuna kaɗan, mai kauri kuwa sai ya daɗe, wani lokaci har a gama gashi tsakiyarsa bai jiƙa ba. Shi ya sa kukis ɗin da aka yi da Old Fashioned zalla, ba ƙwai, yakan baje a faranti, gefensa ya yi siriri ya ƙone, a ɗaga shi ya rabe biyu. Na gwangwani yana tsayawa da jikinsa.

Ga ma'aunin da ya dace da shi, wanda ke ba da kukis 18 zuwa 20. Ots giram 200, fulawa giram 120, mazarƙwaila ko jan sukari giram 120, farin sukari giram 50, mai giram 90 (kimanin mililita 100), garin ƙwayar da ake sayarwa da sunan flaxseed babban cokali 1 da ruwa babban cokali 3, madarar waken suya ko ta aya babban cokali 3, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali, garin kirfa ƙaramin cokali 1, banila ƙaramin cokali 1, sai zabibi ko yankakken dabino giram 100. A wannan lissafin gwangwani ɗaya zai yi kwaɓi biyu, giram 100 ya rage.

Maganar sikeli ba ƙawa ba ce. Kofi ɗaya na wannan ots ɗin yakan kai giram 85 zuwa 90 idan an zuba shi sakwa-sakwa, amma idan aka nutsa kofin cikin gwangwani aka danna, ko aka ɗebo daga ƙasa inda gari ya taru, sai ya haura 100. A kofi biyu da kwata, bambancin ya kai giram 30 ko fiye, kuma wannan ƙarin kaɗai ya isa ya shanye ruwan kwaɓin duka. Yawancin masu cewa ots ɗin gwangwani yana busar da kukis, matsalarsu daga awo take. Wanda ba shi da sikeli ya girgiza gwangwanin tukuna don garin ya gauraya, ya riƙa ɗiba da cokali yana zubawa a kofi, ya share saman da bayan wuƙa, kada ya danna.

Abu na farko da ake haɗawa shi ne madadin ƙwai. A niƙa flaxseed ya zama gari, domin ƙwayar da ba a niƙa ba ba ta saurin sakin yauƙinta, sai ta zauna cikin kukis tana maƙalewa a haƙori. A zuba ruwan a kai, a juya, a bar shi minti 10. Zai yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, kuma wannan yauƙin ake nema. Garin flaxseed yana saurin yin warin tsohon mai a zafi, don haka a niƙa daidai buƙata, sauran ƙwayar a ajiye a firji. Idan ba a samu ba, ƙwayar da ake sayarwa da sunan chia tana yin aiki ɗaya a ma'auni ɗaya. Nikakkiyar ayaba nunanniya giram 60 ma tana maye gurbin ƙwai ɗaya, sai dai ƙamshinta zai danne na kirfa, kuma kukis ɗin zai fito da laushi irin na kek. Da wannan ots ɗin, wanda dama yana da halin yin laushi, ayaba ba ita ce zaɓi na farko ba.

Sai sukari, kuma a nan ne mazarƙwaila ta cancanci a tsaya a kanta. Girke-girken kukis na Amurka suna dogara da jan sukari, wanda ɗigon ruwan rake da ke jikinsa ke ba shi launi da danshi da ɗan tsami. Wannan tsamin ne ke motsa bekin soda ya tashi, danshin kuma shi ke sa tsakiyar kukis ta yi taushi mai ɗan jan haƙori. Mazarƙwaila ruwan rake ce da aka dafa ta daskare ba tare da an tace ta ba, don haka tana da duk waɗannan, ga ƙamshi mai zurfi da ya dace da ots sosai. Matsalarta biyu. Dunƙule ce mai tauri, kuma wani lokaci akan samu ɗan tsakuwa ko ɓawon rake a ciki. Idan aka daka ta sama-sama aka zuba, guntayen da ba su narke ba za su narke a obin su tsiyaye daga gefen kukis su ƙone a faranti. Hanyar da ta fi ita ce a goge ta da magogi, a zuba a ƙaramar tukunya da madarar waken suyar nan cokali 3, a ɗora a wuta kaɗan har ta narke, kada ta tafasa, a tace da rariya mai laushi, a bar ta ta huce sarai. Idan aka zuba ta da zafi a kan ots ɗin gwangwani, nan take zai fara dahuwa, kwaɓin ya koma kamar tuwo. Mazarƙwaila ba ta da danshi iri ɗaya, wata busasshiya ce wata mai laushi, don haka idan an ga kwaɓin ya yi ruwa a ƙara fulawa babban cokali 1.

Wanda farin sukari kawai yake da shi zai iya amfani da giram 160, amma dole ya gyara abin tashi. Farin sukari ba shi da tsami, bekin soda ba zai samu abin da zai motsa shi ba, sai ya bar ɗanɗanon sabulu a baki. A irin wannan hali ko dai a ƙara ruwan lemun tsami ƙaramin cokali 1, ko a cire sodar a sa bakar hoda ƙaramin cokali 1, ita tana tafe da tsaminta. Kukis ɗin zai fi fari, ya fi ƙaras-ƙaras, ba zai kai na mazarƙwaila daɗi ba. Zuma ba ta cikin lissafi ga mai kiyaye ƙa'idar ƙaurace wa kayan dabba, tunda ƙudan zuma ne ke yin ta.

Game da mai, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki girkin da ya ce bota giram 115 a zuba mai giram 115. Bota kusan kashi 80 cikin 100 ne mai, yawancin sauran ruwa ne. Man gyaɗa ko na waken suya kuwa mai ne zalla. Don haka ake rage shi zuwa giram 90, a mayar da ruwan da aka rasa ta hanyar madarar waken suya. Idan ba a yi haka ba, kukis ɗin zai fito da maiƙo a ƙasa, ya kuma marmashe, domin ots ya samu mai da yawa amma bai samu ruwan da zai saki danƙonsa ba. Man waken suya ba shi da ƙamshi, yana barin kirfa da mazarƙwaila su fito. Man gyaɗa na gida yana da ƙamshinsa, kuma ya dace da ots, in dai sabo ne. Man kwakwa shi ne wanda girke-girken ƙasashen sanyi suka fi ambata saboda a can daskararre yake, ana iya buga shi da sukari ya ɗauki iska kamar bota. Sai dai yana narkewa da zarar zafi ya kai digiri 24 a ma'aunin Selsiyus, don haka a kicin ɗin Kano a watan Afrilu ruwa yake, bai bambanta da sauran mai ba sai a ƙamshi da tsada. Botar gwangwani ko ta roba da ake yi da man tsirrai tana aiki, amma a karanta jerin kayan haɗin da ke jiki, domin da yawa ana sa musu garin madara ko ruwanta. Haka ma ƙananan cakulan da ake barbaɗawa.

Mai son ɗanɗanon gyaɗa ya cire mai giram 30 ya sa markaɗaɗɗiyar soyayyar gyaɗa giram 60, tunda kusan rabinta mai ne. Tana ƙara wa kwaɓin riƙo sosai.

A haɗa mai, narkakkiyar mazarƙwaila, farin sukari, yauƙin flaxseed da banila a roba ɗaya, a buga da mabugi na minti 2 cur. A farko za a ga mai yana yawo daban a sama. A ci gaba har ya haɗe ya yi kauri da sheƙi, ba a ganin ɗigon mai a gefen roba. Wannan matakin shi ne madadin buga bota da sukari, kuma wanda ya gajarce shi zai ga mai yana tsatsowa daga kukis a faranti. A wata robar a tankaɗe fulawa da soda da gishiri da kirfa, domin dunƙulen soda ɗaya da bai watse ba yana barin tabo mai ɗaci. A zuba ots a gauraya, sannan a juye busassun a kan masu ruwan, a juya da muciya ko cokalin katako har fulawa ta ɓace, a tsaya. Yawan juyawa yana tayar da danƙon fulawa, kukis ya yi tauri. Zabibi ko dabino su ne na ƙarshe. Idan zabibin ya bushe ƙamas a jiƙa shi a ruwan ɗumi minti 10, a tsane, a goge da tsumma mai tsabta, in ba haka ba zai janye ruwan kwaɓin, wanda ke saman kuma ya ƙone ya yi ɗaci. Busasshen dabino ma haka. Soyayyen riɗi babban cokali 2 yana ƙara ƙamshi ba tare da ya taɓa ma'aunin ruwa ba.

A wannan lokacin kwaɓin zai yi kamar ya yi ruwa da yawa, yana manne wa cokali. Kada a ƙara ots. A rufe a sa a firji minti 30, in babu wuta a ajiye a wuri mafi sanyi a gidan minti 20. Da an dawo za a tarar ya yi ƙarfi, ana iya mulmula shi. Ots ɗin gwangwani ne ya sha ruwan. Wannan shi ne halinsa mafi muhimmanci, kuma yana da fuska biyu. Idan aka gasa ba hutu, kukis ya baje, fallayen su fito da ɗanyen ɗanɗano. Idan aka bar kwaɓin ya kwana a firji, ots zai shanye komai, washegari a tarar da dunƙule mai tsagewa wanda ba ya bajewa ko kaɗan. Ana gyara shi da madarar waken suya cokali 1 ko 2, a murza da hannu. Old Fashioned yana jure kwanan firji, har ma ya fi daɗi da shi, na gwangwani kuwa daga minti 30 zuwa awa 2 ne iyakarsa.

A kunna obin minti 15 kafin a fara, a kai digiri 180, ko lamba 4 a obin ɗin gas mai lambobi. A shimfiɗa takardar gashi a faranti, in babu a shafa mai kaɗan a barbaɗa fulawa. A ɗebi kwaɓi giram 40, wato babban cokali 2, a mulmula, a jera da tazarar santimita 5, sannan a danna kowanne da tafin hannu mai ɗan danshi ya koma kaurin santimita ɗaya da rabi. Dannawar nan wajibi ce da wannan ots ɗin. Kwaɓin bota yana narkewa ya baje da kansa, wannan kuwa yadda aka ajiye shi kusan haka zai fito, idan dunƙule ne ya fito dunƙule, waje ya gasu ciki ɗanye. A sa a matakin tsakiya, minti 11 zuwa 13. Alamar fitarwa ita ce gefe ya yi ja ya tsaya, tsakiya kuma ta daina sheƙi amma tana da laushi idan an taɓa. Mutane da yawa suna jira tsakiyar ta yi ƙarfi, kuma a nan suke ɓata shi, domin kukis yana ci gaba da gasuwa da zafin faranti bayan an fitar. A bar shi a kan farantin minti 10 ba a taɓa shi ba. Marar ƙwai yana da rauni sosai idan yana da zafi, sai sukarin ya huce ya daskare yake samun ƙarfin ɗagawa.

Obin ɗin gas na gida wutarsa daga ƙasa take, shi ya sa ƙasan kukis ke ƙonewa sama bai yi launi ba. Mazarƙwaila da soda kuma duka suna hanzarta yin ja. Maganinsa a ɗora farantin a kan wani farantin, su zama biyu, a juya gaba ya koma baya bayan minti 6. Baƙin faranti ya fi fari ɗaukar zafi, da shi a rage wuta zuwa 170. Kada a jera sabon kwaɓi a kan faranti mai zafi, man zai tsiyaye kafin a kai obin.

Wanda ba shi da obin zai iya da babbar tukunya mai kauri. A zuba wankakken busasshen yashi ko gishiri kaurin santimita 3 a ƙasa, a ɗora abin da zai ɗaga faranti kada ya taɓa yashin, a rufe a bar ta ta yi zafi minti 15 a matsakaiciyar wuta. A sa kukis, a rage wuta, a ba shi minti 15 zuwa 20. A nan ots ɗin gwangwani ya yi wa mai manyan falle nisa, domin zafin tukunya ba ya kai na obin a sama, kuma siririn falle yana nuna da wuri. Saman ba zai yi ja sosai ba sai an ɗora 'yan garwashi a kan murfi. A riƙa goge gumin da ke taruwa a cikin murfin idan an buɗe, kada ya ɗiga a kai. A yi kukis ɗin ƙanana, giram 30, a danna su su ƙara faɗi.

Inda wannan ots ɗin ya gaza shi ne wajen taunawa da kyan gani. Fallayensa suna narkewa cikin kwaɓi, kukis ya fito da jiki ɗaya, sumul, ba a ganin ots ɓaro-ɓaro a sama kamar yadda ake gani a hotuna, kuma haƙori ba ya samun abin kamawa sosai. Mai sayarwa da ke son kayansa su ja ido zai lura da wannan. Gyaran da ya fi shi ne haɗi: giram 120 na gwangwani, giram 80 na Old Fashioned. Na farko ya riƙe, na biyu ya ba da taunawa. Idan ba a samu mai manyan falle ba, akwai wata dabara da ke ɗaga ɗanɗanon na gwangwani ƙwarai: a baza shi a faranti a gasa shi shi kaɗai a digiri 170 na minti 6 zuwa 8, a juya sau ɗaya, har ya fara ƙamshin soyayyar gyaɗa, a bar shi ya huce kafin a kwaɓa. A tsaya a kansa, domin siriri ne, minti 2 na sakaci ya isa ya ƙone. Gasasshen ya fi bushewa, sai a ƙara madarar waken suya cokali 1.

Ɓarzajjen ots ɗin nan mai tauri bai dace da kukis ba ko kaɗan, minti 12 ba ya dafa shi. Ƙananan ledojin ots masu ɗanɗano da ake zuba wa ruwan zafi a sha nan take su ma a bar su, suna ɗauke da sukari da gishiri, wasu har da garin madara, kuma sun yi laushin da ke mayar da kwaɓi danƙo.

Wasu na sayen ots da tunanin cire fulawa gaba ɗaya. Ana iya niƙa wannan a bilenda na daƙiƙa 30 ya zama gari, a sa giram 130 a madadin fulawa giram 120. Kukis ɗin zai yi daɗi amma ya fi rauni, sai an ninka flaxseed da ruwansa an kuma ba shi hutun minti 45. Sai dai akwai gargaɗi da bai kamata a wuce shi ba. Ots a kan kansa ba shi da irin gulutin ɗin alkama, wato sinadarin da ke ba kwaɓin fulawa danƙo, amma ana noma shi, a ɗauke shi, a sarrafa shi kusa da alkama da sha'ir, don haka yakan gauraya da su. Wanda likita ya hana wa gulutin saboda cutar hanji ta siliyak kada ya dogara da ots na gama-gari, sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa babu gulutin.

Haka kuma kada sunan ots ya sa a ɗauki kukis ɗin magani. Gaskiya ne a 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kayan ots cewa sinadarin nan na beta-gulukan yana taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya, amma adadin da ake magana a kai giram 3 ne a rana. Kukis ɗaya daga wannan kwaɓin bai kai rabin giram ba, alhali yana ɗauke da sukari kusan giram 9 ban da na dabino, da kalori kusan 160. Abin marmari ne mai ɗan amfani fiye da biskit ɗin farar fulawa, iyakarsa ke nan. Mai ciwon sukari ya lissafa shi a matsayin kayan zaƙi. Ana iya rage farin sukarin zuwa giram 25 ba tare da an ɓata jikin kukis ba, amma idan aka rage jimillar sukari da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, zai daina yin ƙaras a gefe, ya bushe da wuri.

Ta fuskar kuɗi, ba abu ne mai araha ba. Ots amfanin gonar ƙasashen sanyi ne, Kanada da Rasha ne kan gaba wajen noma shi, don haka farashinsa a nan yana bin canjin kuɗi. A kwaɓin da ke sama shi ne kaya mafi tsada bayan zabibi. Wanda zai yi na sayarwa ya kwatanta farashin giram 100 tsakanin gwangwani da na leda, da kuma sauran kamfanoni masu ots mai saurin dahuwa, domin in dai ots zalla ne kuma kaurin fallen ɗaya ne, ma'aunin nan zai yi musu aiki. Abin da gwangwani ya fi leda da shi shi ne kariya daga danshi da ƙwari, kuma a damina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wajen saye a duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, a tabbatar ba a taɓa buɗe shi ba, gwangwanin bai yi tsatsa ba. Da an buɗe a sansana. Ots mai kyau ƙamshinsa kaɗan ne, mai daɗi. Idan yana warin tsohon mai ko yana ɗaci a harshe, mansa ya lalace, kuma kirfa ko banila ba za su rufe shi ba, gashi ma ƙara fito da shi yake yi. Bayan buɗewa a rufe da kyau, a nisanta shi da murhu, a ƙarar cikin wata biyu zuwa uku.

Sodar ma a gwada ta idan ta daɗe a ajiye: a ɗiga ruwan lemun tsami a kan ɗan kaɗan, in ba ta yi kumfa da ƙarfi nan take ba, a sayi sabuwa.

Kukis ɗin da ya huce sarai yana yin kwana 4 zuwa 5 a roba mai murfin da iska ba ta shiga. Da hunturu iska tana ƙara busar da shi, sai a sa ɗan yankin burodi marar madara a cikin robar ya riƙe masa laushi. Da damina akasin haka ne, mazarƙwaila da ots duka suna jan danshi, gefen da ya yi ƙaras ya saki, sai a mayar da shi obin a digiri 150 na minti 5. Wanda aka yi da ayaba kada ya wuce kwana 2 a waje, yana saurin yin hunhuna. Mai tsayayyar wuta zai iya mulmula kwaɓin bayan hutun minti 30, ya danna, ya daskarar a firiza a jere a faranti, sannan ya juye a leda. Daskarewa tana tsayar da shan ruwan ots, don haka matsalar kwanan firji ba ta tasowa. Yana kaiwa wata 2, kuma ana gasa shi kai tsaye daga firiza ba sai ya saki ba, a ƙara minti 2 a kan lokacin gashi.